Hauwa'u, Kulu, Jidda: Tambayoyi da Amsoshi Kan Suna Ɗaya Mai Laƙabi Da Yawa

Daga ina sunan Hauwa'u ya fito?

Sunan matar Annabi Adamu ne, uwar 'yan Adam baki ɗaya, kuma ta hanyar Larabci ya iso ƙasar Hausa tare da Musulunci. Larabawa suna cewa Hawwa'. Wasalin "u" na ƙarshe kuwa daga nahawun Larabci muka ɗauko shi ya zauna daram a bakinmu, kamar yadda ya zauna a Asma'u da A'ishatu da Hadizatu. A Nijar za ka ga an rubuta Haoua, bisa rubutun Faransanci. A Senegal da Mali ana cewa Awa ko Hawa, Turkawa kuma Havva. Duk mace ɗaya ake nufi.

Mene ne ma'anarsa?

Fassarar da ta fi shahara tana danganta shi da rai da rayuwa. Malaman da suka yi magana a kai sun ce an kira ta haka ne don ita ce uwar duk wani mai rai daga cikin mutane, wasu kuma suka ce don an halicce ta daga mai rai, wato Adamu. A Ibrananci ma haka abin yake, domin littafin Farawa ya ce Adamu ya kira matarsa da wannan suna saboda ita ce uwar masu rai duka. Shi ya sa Kiristocin Arewa ma sun san sunan. Akwai kuma wata ma'ana ta ƙamus: a Larabci "hawwa'" mace ce ta "ahwa", launi mai duhu da ya karkata zuwa baƙi, kalmar da duk ɗan makarantar allo ya karanta a aya ta 5 ta Suratul A'ala.

An ambaci sunan a Alƙur'ani?

A'a, kuma mutane da yawa sukan yi mamakin jin haka. Alƙur'ani "matarka" ya ce, kamar a aya ta 35 ta Suratul Baƙara inda aka umarci Adamu ya zauna a Aljanna shi da matarsa. Maryam ce kaɗai macen da aka kira da sunanta a cikinsa. A hadisi ne sunan Hauwa'u ya zo ƙarara, har a Bukhari da Muslim.

To me ya haɗa Hauwa'u da Jidda?

Tun da daɗewa akwai labari a wajen masana tarihin Musulunci cewa da aka sauko da Adamu da matarsa duniya, a Jidda Hauwa'u ta sauka, garin nan na bakin Bahar Maliya da alhazanmu suke sauka. A Larabci "jadda" kaka ce, don haka mutane da yawa suka ce garin ya ci sunan kakar 'yan Adam ne, ko da yake wasu masana harshe sun ce daga "judda" ne, wato bakin teku. Har yau akwai maƙabarta a tsohon garin da ake kira da sunanta. Hukumomin Saudiyya sun rushe ginin da ke kan kabarin a 1928, aka kuma shafe wurin da siminti a 1975, don hana mutane neman tabarraki a wajen da babu ingantaccen nassi a kansa. Daga wannan labari Bahaushe ya samo Maijidda, wato mai garin Jidda, aka taƙaita ya koma Jidda. Yarinyar da take rubuta Jidda a shafinta na Facebook tana ganin sunan zamani ne, alhali labarin da ke bayansa ya fi kowane labarin suna tsufa.

Me ya sa ba a cika kiran masu sunan da Hauwa'u a gida ba?

Alkunya ce. Sau da yawa sunan uwar miji ko uwar mata ake mayarwa, kuma ba a san matar ɗa ta buɗe baki ta kira sunan surukarta gatsal ba. Ranar suna liman zai raɗa Hauwa'u, a yanka rago, a raba goro, amma kafin la'asar mata a cikin gida sun riga sun sakaya shi da Kulu, ko Kuluwa, ko Maijidda, ko Ummi. Yarinya takan girma har ta shiga firamare kafin ta ji malami ya kira sunanta na yanka. Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda wasu 'yan birni suke yatsina fuska in an ce Kulu, wai sunan ƙauye ne. Kakanninmu da suka ɗauki wannan laƙabi mata ne masu martaba, ban ga abin gudu a ciki ba.

Har yanzu ana yayin sunan?

Sosai. Shiga kowace Islamiyya a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi ka kira Hauwa'u, ka ga kawuna nawa za su ɗago. Ko iyayen da suke kiran 'yarsu Afnan ko Ilham, in ka bincika takardar haihuwa sau da yawa Hauwa'u za ka tarar. Sunan yana da tsohon tushe a nan: mahaifiyar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo Hauwa'u ce, haka ma matarsa da ta haifi Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wadda ake yi wa laƙabi da Inna Garka. A zamaninmu kuma ga lauya Hauwa Ibrahim, 'yar jihar Gombe, da Majalisar Tarayyar Turai ta ba lambar yabo ta Sakharov a 2005 saboda kare mata marasa galihu a kotu.