Waiwaye: Alƙaluman da suka raka kiɗan disko tun yana jariri

Idan ana ba da tarihin gidajen rawar disko na New York, masu sa faifai ake ambata, da wuraren da suka yi suna irin su The Loft, wanda David Mancuso ya buɗe a gidansa a 1970. Ba kasafai ake tunawa da 'yan jarida ba, alhali su ne suka riƙa kai labari daga wannan gidan rawa zuwa wancan.

A lokacin, kamfanonin faifai ba su damu da abin da baƙar fata da 'yan asalin Latin Amurka ke takawa da tsakar dare ba, sai da “Soul Makossa” ta Manu Dibango, mutumin Kamaru, ta fito daga waɗannan ɗakuna ta shiga rediyo, har ta hau jadawalin waƙoƙin da ke tashe na mujallar Billboard a 1973. A shekarar ce Vince Aletti, wanda shi kansa mai zuwa The Loft ne, ya rubuta a mujallar Rolling Stone maƙalar da ake ɗauka ita ce ta farko a kan wannan harka.

Babban aikinsa ya zo daga 1974, a filinsa na mako-mako mai suna “Disco File” a mujallar Record World. Yakan tuntuɓi masu sa faifai ɗaya bayan ɗaya, ya tambaye su waƙoƙi goma da suka fi tayar da mutane daga kujera, ya buga jerin tare da sunan kowa da gidan da yake aiki. Abin kamar ƙarami ne, amma da shi mai sa faifai a wani gari yake sanin abin da ke tashe a New York, kamfanoni kuma suka gane cewa waɗannan samari ba 'yan amshin shata ba ne. A 1975, Aletti na cikin waɗanda suka taimaka aka kafa ƙungiyar da ke karɓo sababbin faifai daga kamfanoni tana raba wa masu sa faifai.

Abin takaici shi ne, rubutun da ya fi yin tasiri a idon duniya ba na gaskiya ba ne. Labarin da Nik Cohn ya buga a mujallar New York a 1976, wanda aka gina fim ɗin “Saturday Night Fever” a kansa, ya sa jama'a suka ɗauka disko na samarin turawan Brooklyn ne. Bayan kusan shekara 20 Cohn ya amsa cewa ƙirƙirar labarin ya yi, kuma halayen jarumin daga wani saurayi da ya sani a Landan ya aro su.