Abincin kaji a bazara: rage tunkuza da lissafi

'Yan uwa masu kiwon kaji a Tahoua, kun san yadda Afrilu da Mayu suke zuwa mana. Zafi ya haura digiri 40, kaji su buɗe baki suna haki, fukafukai a sake, abinci a gabansu amma ba sa ci. Kaza ba ta yin gumi, jikinta kuma ya fi sakewa tsakanin digiri 18 zuwa 24.

Da yawa idan suka ga ƙwai ya ragu sai su ƙara tunkuza da garin kifi. Wannan yana damuna ƙwarai. Narkar da furotin, wato sinadarin gina jikin da ya yi yawa a cikinsu, ya fi narkar da hatsi ko mai ɗumama jiki. Abin da ya yi saura kuma sai jiki ya sha wahala ya fitar da shi a kashi, akurki ya ɗauki warin nan mai yaji a ido. Masu bincike a Faransa sun gwada haka a kan aladu, waɗanda su ma gumi ba ya sanyaya su: da aka rage furotin, aka cike giɓin da lisin (ɗaya daga cikin ƙananan sinadaran da ke haɗuwa su zama furotin) da sauran irinsa da jiki ke buƙata, zafin da jikinsu ke fitarwa ya ragu, girmansu bai tsaya ba.

Amma a ji ni da kyau. Ban ce a cika abinci da dusa ba. Kaza mai ƙwai tana son furotin kashi 16 zuwa 18 cikin 100, masara kuwa 8 zuwa 9 kawai take da shi. Tunkuzar gyaɗa ta kai kusan 45, sai dai lisin da ɗan uwansa metiyonin sun yi mata ƙaranci. In ka rage furotin ba ka zuba waɗannan biyun ba, ga kazar da dama ba ta ci sosai, ƙwai zai ƙanƙance. Ku nemi ma'aikacin kiwo ya auna muku haɗin, a rage kaɗan, a ɗan ƙara mai.

Da hunturu abin da sauƙi, sanyi na sa su ci da yawa. A bazara kuwa ku ba su abinci da asuba da kuma bayan la'asar, ruwan randa mai sanyi kada ya yanke a gabansu.