Waiwaye: Daga Zauren Gida Zuwa Rumfar Zaɓe a Kaduna

Tun kafin samun 'yancin kai, ra'ayin siyasa a ƙasar Zazzau abu ne da yaro kan tashi ya tarar a zauren gidansu. Gidajen sarauta da na hakimai da ma'aikatan En'e sun rungumi jam'iyyar NPC ta Sardauna, wanda ya riƙe Firimiyan Arewa daga Kaduna tsakanin 1954 da 1966, yayin da jam'iyyar adawa ta NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, ta samu gindin zama a wurin teloli da mahauta da ƙananan 'yan kasuwa waɗanda haraji da kotun alƙali suka gallaba. Shiga NEPU a lokacin kan jawo wa mutum ɗauri, wani lokaci har a hana shi auren 'yar gidan da yake nema, shi ya sa jikokin waɗanda suka sha wannan wuya suke kiran abin aƙida har yau. A Kudancin Zariya kuwa, wato Kudancin Kaduna na yau, makarantun mishan da ƙorafin mulkin hakiman da masarauta ke turawa su suka tura jama'a zuwa UMBC, jam'iyyar ƙananan ƙabilun tsakiyar Najeriya.

Mata, duk da gwagwarmayar Hajiya Gambo Sawaba, ba su kaɗa ƙuri'a a zaɓen tarayya ba sai 1979. A wannan shekarar ce tsohuwar gabar ta dawo da sababbin sunaye: 'ya'yan NEPU suka bi PRP, ɗan takararta Balarabe Musa ya ci gwamna, majalisar da NPN, magajiyar NPC, ta mamaye kuma ta tsige shi a 1981.

Birnin Kaduna kansa ya ɗan sassauta wannan gado, domin masaƙun Kakuri, tun daga KTL da aka buɗe a 1957, sun haɗa Bahaushe da Bajju da Tibi a ƙungiyar ƙwadago ɗaya, suna zaman haya a gida ɗaya, suna kuka da albashi ɗaya. A ganina, durƙushewar waɗannan masaƙu ta yi wa siyasar jihar illar da ba a cika lissafawa ba. Ta zo ne a bayan rikicin Kafanchan na 1987 da na Zangon Kataf na 1992, kuma a tsakiyar na Shari'a na 2000 da na gasar sarauniyar kyau na 2002, waɗanda suka sa Musulmi suka tattara zuwa Rigasa da Tudun Wada da Kawo, Kirista kuma suka haura gadar kogin Kaduna zuwa Sabon Tasha da Narayi da Television. Yaron da aka haifa bayan haka yana iya kai shekarun zaɓe bai taɓa cin abincin Sallah ko na Kirsimeti a gidan maƙwabcin da ba addininsu ɗaya ba, sai abin da ya ji a majalisar unguwa, ko a mumbari, ko a WhatsApp.

Don haka abin da iyaye ke gadar wa 'ya'yansu yanzu ba katin jam'iyya ba ne, tambaya ce: wane ne namu? Hawan Patrick Yakowa, Kirista ɗan Kudancin Kaduna, kujerar gwamna a 2010, da tikitin gwamna Musulmi da mataimakiya Musulma da El-Rufai ya tsayar a 2019, duk da wannan ma'auni aka auna su a gidaje da yawa. Sai dai tsadar rayuwa kan karya umarnin maigida da na malami, kamar yadda aka gani a 2023, lokacin da PDP ta lashe kujerun sanata uku na jihar, amma APC ta riƙe gidan gwamnati da ƙyar.