Rediyolojin yara: wane aiki ne, kuma ta ina ake isa gare shi?

A asibitocinmu idan aka ce wa mutum ya je ɗaukar hoto, hankalinsa kan tsaya ne a kan wanda ya tsayar da shi gaban na'ura ya ce ya riƙe numfashi. Wannan ma'aikacin hoto ne, mai digirin rediyogirafi irin wanda ake yi a Jami'ar Bayero. A bayansa akwai wani da ba kasafai majinyaci ke ganinsa ba, cikakken likita da ke zaune gaban allon kwamfuta yana karanta hoton ya rubuta rahoto. Fanninsa shi ne rediyoloji. Idan ya ƙara zurfafawa a kan jarirai da yara har zuwa balaga, shi ne rediyolojin yara.

Me ya sa sai an ware wa yara nasu? Domin jikin da ke girma yana yaudarar idon da ya saba da na manya. Kusa da gaɓoɓin yaro akwai guringuntsin da ƙashi ke tsawo daga gare shi, a hoton eksire yakan fito kamar tsaga, wanda bai sani ba sai ya ce karaya ce. A ƙirjin jariri akwai wata halitta mai suna taimos da ke fitowa da faɗi, har a ɗauke ta ƙari alhali lafiya lau. Ga kuma hasken eksire da na CT (na'urar da ke ɗaukar hoton cikin jiki yanki-yanki), wanda illarsa ta fi kama yaro, tun da ƙwayoyin jikinsa suna kan rarrabuwa kuma shekaru masu yawa na gabansa. Saboda haka rabin gwanintar wannan likita ita ce sanin lokacin da zai ce a'a, a yi sikanin kawai, wato hoton da ake ɗauka da sauti ba da wannan haske ba.

Sikanin kuwa shi ne abokin aikinsa na kullum. Ta maɗigar jariri, kafin ta rufe, yake ɗora na'urar ya leƙa ƙwaƙwalwa ya ga ko jini ya zuba ko ruwa ya taru. Idan hanjin yaro ya shige cikin ɗan'uwansa, yana ta tsala ihu yana kashi mai jini da majina, likitan kan tura ruwan gishiri ta dubura yana kallo a allo har hanjin ya warware, sau da yawa ba tare da an kai ga tiyata ba. Ga masu sikila, daga shekara 2 zuwa 16, akwai sikanin da ke auna gudun jini a jijiyoyin kai. Idan ya kai santimita 200 a daƙiƙa, yaron na cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, sai a fara rigakafi. An yi muhimmin bincike a kan wannan a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Fannin ya kafu ne a Amurka. Wani likita mai suna John Caffey ya wallafa babban littafinsa a kan fannin a 1945, aka kafa ƙungiyar likitocin hoton yara a 1958.

Hanyar dai doguwa ce, sai mai juriya. A Najeriya shekara shida ne a makarantar likitanci, shekara ɗaya ta sanin makamar aiki, sai bautar ƙasa. Daga nan a ci jarrabawar share fage ta Kwalejin Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin a Legas, ko ta Kwalejin Likitocin Tiyata ta Yammacin Afirka, a nemi gurbin horo a asibitin koyarwa kamar na Shika ko na Kano ko Sakkwato ko Maiduguri. Horon kan ci shekara biyar zuwa shida, da manyan jarrabawa biyu. Nan mutum ya zama ƙwararre a rediyoloji baki ɗaya. Ƙarin horo na yara zalla, wanda a Amurka shekara ɗaya ne, da yawa sai sun tsallaka waje suke samunsa, wasu zuwa asibitin yara na Red Cross da ke Cape Town.

Batun samun aiki, a ganina bai kamata a yi wa ɗalibi romon baka ba. Buƙata akwai ta sosai, tun da fiye da kashi 40 cikin ɗari na 'yan Najeriya ba su kai shekara 15 ba. Amma kujerar da aka ware wa likitan hoton yara kaɗai ba ta da yawa. Galibi zai shiga sashen hoto ne ya karanta na babba da na yaro, sannu a hankali likitocin yara su gane shi su riƙa kawo masa masu wuya. Ingila da Amurka ma suna kukan ƙarancin waɗannan likitoci, shi ya sa wanda ya fita neman ƙarin horo ba lalle ya dawo ba. Akwai kuma karanta hoto daga nesa ta intanet, inda likita a Kano zai iya duba hoton da aka ɗauka a wani asibitin karkara, muddin akwai wuta da na'urar da ke fitar da hoton kai tsaye a kwamfuta.