Shin Japan ta rufe ƙofofinta har tsawon ƙarni biyu?

An daɗe ana cewa daga shekarar 1639, lokacin da gwamnatin soja ta gidan Tokugawa da ke mulkin Japan ta kori Turawan Fotugal, har zuwa 1853 da jiragen yaƙin Amurka suka iso ƙarƙashin Matthew Perry, Japan ta yanke hulɗa da duniya baki ɗaya. Wannan magana tana bukatar gyara. Gaskiya ne an haramta wa Japanawa fita ƙasar tun 1635, amma abin da shugabannin soja na Tokugawa suka fi tsoro shi ne yaɗuwar addinin Kirista, musamman bayan tawayen Shimabara na 1637, wanda galibin masu yinsa Kiristoci ne, don haka suka taƙaita hulɗa da ƙetare, suka riƙe ragamarta a hannunsu.

Ƙofofi huɗu sun kasance a buɗe. A Nagasaki fataken Sin suna sauke kaya, 'yan Holand kuma aka tsugunar da su a ƙaramin tsibirin Dejima daga 1641. Ana ma'amala da Koriya ta hannun masu mulkin tsibirin Tsushima, da masarautar tsibiran Ryukyu da ke kudu ta hannun masu mulkin yankin Satsuma, da al'ummar Ainu da ke arewa ta hannun masu mulkin yankin Matsumae.

Ilimi ma ya riƙa shigowa. A 1720 shugaban gwamnatin soja Tokugawa Yoshimune ya sassauta hana shigo da littattafan waje waɗanda ba su shafi Kiristanci ba, kuma a 1774 likita Sugita Genpaku da abokan aikinsa suka wallafa fassarar littafin sassan jikin ɗan Adam daga harshen Holand. Kalmar sakoku kanta, wato rufaffiyar ƙasa, wadda ake kiran wannan manufa da ita, sai a 1801 wani tafinta a Nagasaki ya ƙirƙiro ta.