Me ake nufi da "tradi-moderne" a kiɗan Nijar?

Duk mai sauraren gidajen rediyon Yamai ko Maraɗi ya sha jin an gabatar da mawaƙi an ce ɗan "tradi-moderne" ne. Kalmar Faransanci ce, an gutsuro rabin kalmar da ke nufin gargajiya aka liƙa ta da wadda ke nufin zamani. A bakin Bahaushe, kiɗan gargajiya ne da aka yi wa sabuwar riga: a ɗauko waƙar da kakanni suka rera a dandali ko wurin biki ko bakin gona, a ƙara mata jita da ganguna irin na Turawa, a gyara mata tafiya, sannan a hau dandamali a buga ta gaban jama'a.

Sai dai ba kowace tsohuwar waƙa da aka ɗora wa jita ba ce ta cancanci sunan. A ganina, ana gane na gaske ne daga wanda ke jan ragama. In molo ko gurumi ko kalangu ke gaba, jita na bin sawunsa, to an yi abin. In kuwa an kawo ƙwarya an ajiye ta gefe don ado, piyano na ta sheƙa ayarsa, wannan kiɗan zamani ne da ya ari hula.

Ƙungiyar Mamar Kassey, wadda Yakuba Mumuni ya kafa a Yamai a 1995, ita ake yawan kafa misali da ita. Shi mai sarewa ne, kuma tushen kiɗansu na Zabarmawa da Fulani ne, amma za ka ji jitar bas ta shige tsakanin molo da ƙwarya ba ta taka kowa ba. Tal National kuma nasu ya fi zafi da gudu, suna haɗa kiɗan Hausawa da Zabarmawa da Fulani da Buzaye, kuma da wasan dare na sa'o'i masu yawa suka yi suna a Yamai tun kafin a san su a Turai da Amurka.

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na Malam Maman Barka. Malamin makaranta ne da ya shahara da gurumi. Da ya ga biram, wato kayan kiɗan Buduma na Tafkin Chadi mai tsirkiya biyar da siffar kwalekwale, na neman ɓacewa, sai ya tafi ya zauna wurin tsohon da ya rage da iya shi, Bukar Tar, ya koya. Daga baya Malam Maman Barka ya zaga ƙasashe da biram ɗin har rasuwarsa a 2018.

Hukuma ma ta sa hannu, ta hanyar gasar Ɗan Gurmu da ake yi da sunan shahararren mawaƙin Tawa, da cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya a Yamai.

Dattawa kan yi ƙorafin cewa ana yanke baitoci don waƙa ta shiga minti biyar, alhali ta asali kan ci rabin dare. Suna da gaskiya game da faifai. A dandamali kam, da zarar an fara liƙi, mawaƙin kan koma ɗabi'ar magabata, ya kira sunan mai kyauta da na ubansa, ya ƙirƙiro baiti nan take, 'yan amshi su karɓa.