Me doka ta tanada idan ɗan siyasa ya furta kalaman wariya a Afirka ta Kudu?

Afirka ta Kudu ta yi zaɓenta na farko da ya haɗa kowane launin fata a 1994, kuma kundin tsarin mulkinta na 1996 ya haramta nuna bambanci a sashe na 9. Sashen da kansa ya umurci majalisa ta kafa dokar da za ta mayar da wannan haramci aiki. Daga nan aka samu Dokar Daidaito ta shekarar 2000, wadda ake taƙaita sunanta da PEPUDA.

Dokar ta hana abu uku: nuna bambanci ba bisa adalci ba, cin zarafi, da kalaman ƙiyayya. Ta hau kan gwamnati, ta hau kan kamfani, ta hau kan mutum ɗaya, babu ruwanta da ko jam'iyyarka ce ke mulki ko kana adawa. Ana kai ƙorafi Kotun Daidaito, wadda ke zama a cikin kotunan majistare da manyan kotuna. Ba a biyan kuɗin shigar da ƙara, ba dole sai da lauya ba. A batun nuna bambanci kuwa, da zarar mai ƙara ya kawo abin da a zahirinsa ke nuna an ware shi, nauyin hujja ya koma kan wanda ake ƙara. Shi zai nuna ba haka aka yi ba, ko kuma abin da ya yi adalci ne. A ganina nan ne dokar ta fi tausaya wa talaka, domin mai wariya ba ya rubuta dalilinsa a takarda.

Inda aka fi jayayya shi ne kalaman ƙiyayya, saboda sashe na 16 na kundin ya kare 'yancin faɗin albarkacin baki, siyasa kuma ba ta yiwuwa sai da zafin baki. A 2021, a shari'ar wani ɗan jarida mai suna Qwelane, Kotun Tsarin Mulki ta ce ɓata wa mutum rai kaɗai bai isa ba. Sai maganar ta kasance mai hankali zai fahimce ta a matsayin mai nufin cutarwa ko tunzura a cutar, tare da yaɗa ƙiyayya. Ana auna ta ne da inda aka yi ta da yadda aka yi ta.

Shi ya sa hukunci kan bambanta. A 2011 kotu ta ce wata waƙar gwagwarmaya da Julius Malema ke rerawa, mai ambaton harbin Buwa fararen fata, kalaman ƙiyayya ce. A lokacin yana shugaban matasan jam'iyyar ANC mai mulki. A 2022, yana jagorantar jam'iyyar adawa ta EFF, ƙungiyar AfriForum mai kare muradun Buwa ta sake kai shi ƙara, kotu ta ce ba a tabbatar da cewa waƙar na tunzura kisa ba, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta goyi bayan haka a 2024. Wannan ya yi wa manoma fararen fata da yawa ciwo, kuma ba zan raina tsoronsu ba. A ɗaya ɓangaren, a 2019 kotu ta ce ɗaga tsohuwar tutar mulkin wariya haka kawai kalaman ƙiyayya ne, sai dai don fasaha, ilimi ko aikin jarida.

To idan an samu ɗan majalisa da laifi, kujerarsa fa? Kotun Daidaito ba kotun laifuka ba ce. Tana iya sa a nemi afuwa, a biya diyya, a daina maimaita maganar, ko ta miƙa batun ga masu gabatar da ƙara. Ba ta tsige kowa. Sashe na 47 na kundin ya hana wanda aka ɗaure fiye da wata 12 ba tare da zaɓin tara ba zama a majalisa, hukuncin diyya kuwa bai kai nan ba. Hanyar da ta fi kusa ita ce jam'iyya: yawancin 'yan majalisa ta jerin sunayen jam'iyya suke shiga, kuma wanda ya rasa katinsa ya rasa kujerarsa.

Jam'iyyar DA, wadda ta daɗe tana babbar adawa kafin ta shiga gwamnatin haɗin gwiwa a 2024, ta nuna yadda wannan ke juyawa. A 2015 'yar majalisarta Dianne Kohler Barnard ta yaɗa wani rubutu a Facebook mai yabon zamanin P.W. Botha, ɗaya daga cikin shugabannin mulkin wariya. An kore ta, ta ɗaukaka ƙara a cikin jam'iyya, aka mayar da ita. A 2024 kuma jam'iyyar ta kori Renaldo Gouws bayan wani tsohon bidiyonsa mai ɗauke da zagin baƙar fata ya bazu, ya bar majalisa.

Wannan ne ke damuna. Hukunci mafi nauyi ga ɗan siyasa, wato rasa kujera, yana hannun shugabannin jam'iyya masu lissafin ƙuri'a, mai zaɓe kuma ba shi da ikon zare suna ɗaya daga jerin. Wanda aka ci mutuncinsa zai iya samun kotu ta sa a nemi afuwarsa a biya shi diyya, ya kuma ci gaba da ganin wanda ya zage shi zaune a majalisa har zaɓe na gaba.